Injiniyan Da Bai Iya Cewa Babu Ba

Assalamu alaikum, masu karatu. Ku gyara zama. Amma wadda ta san shawarar haƙuri ta zo ba ni, ta riƙe kayanta, don a gidanmu haƙuri ya fi kifi yawa, mu kuwa kifi muke sayarwa.

Ni ce Yelwa, 'yar Malam Haladu mai banda a birnin Haɗeja. In kun shigo unguwarmu ba sai kun yi tambaya ba, hanci zai kai ku ƙofar gidanmu. Baba yana sayen kifi a hannun masuntan Auyo da Kirikasamma, a banda shi a bayan gida, a ɗura a kwanduna, a kai tashar Malam Madori jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Kudu. Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa ni kaɗai na rayu, shi ya sa Baba ya toshe kunnensa ya sa ni boko har Kano. Yanzu ina koya wa 'yan mata karatu da ɗinki a makarantar En'e. Shekarata goma sha tara, wanda a lissafin ƙanwar Baba, Gwaggo 'Yar'azumi, saura ƙiris a sassaƙo mini sandar dogarawa.

Ba masu so na rasa ba, kada ku raina ni. Mutum ɗaya nake jira, Zarami, ɗan gidan Barebarin da ke bayan masallacin unguwarmu, waɗanda kakansu ya taso daga bakin Tafkin Chadi. A jirgin Kano muka fara magana, ni ina komawa makaranta, shi yana hanyar Zariya. Daga Zariya Turawa suka ga kansa yana ja, suka kwashe shi zuwa Ingila koyon aikin injiniya. Bana, da kowa ke cewa baɗi Bature zai naɗe tabarmarsa ya ba mu ƙasarmu, aka ba shi hutu ya zo ganin gida, ya kuma nemi aurena. Hutun gajere ne. In ya koma ba a tsayar da magana ba, sai kuma bayan shekaru, ga shi Baba ya riga ya faɗa mini cewa in wata damina ta zagayo ina gida, ba zai ƙara tare mini bakin dangi ba.

Takardar wayar da ya bugo daga Ikko, masinjan gidan waya ya kawo mini har makaranta. Ga abin da ke ciki:

"NA SAUKA LAFIYA. ZAN ISO LARABA WATAƘILA. INA ƊOKIN GANINKI KUSAN KULLUM."

Kusan kullum! Jama'a ku ji mini mutum. To sauran ranakun fa, ɗokin ganin wa yake yi? Na karanta ta a tsaye, na karanta ta a zaune, na yi tsaki, sannan na ƙulle ta a haɓar zanena na wuni ina taɓa wurin.

Ranar da ya ce zai zo zance, tun azahar na fara shiri. Dama na kwana da lalle hannu da ƙafa, ya kama ja wur. Na ɗaura shuɗiyar atamfata mai zanen ganye, wadda ba ta taɓa ganin ruwa ba, na sa tsakiya da murjani, na ari awarwaron azurfar Inna, na ja kwalli har ya so ya kai kunne. Humra kuwa da turaren wuta, sai da sauron ɗakina ya yi ƙaura zuwa na Gwaggo. Duk don kada mutumin Ingila ya ce na ji ƙaurin banda.

Bayan la'asar aka yi sallama. Na leƙa zaure na ga wani dogon mutum cikin baƙar kwat da nektai, a wannan zafin na ƙarshen damina, gumi na bin wuyansa, takalmin sau-ciki ya sha taɓon lungunmu har idon sawu. Na shimfiɗa masa tabarma, na ajiye kwanon fura, na zauna nesa kaɗan na sunkuyar da kai irin na 'yan mata masu kunya. Na iya abin in na ga dama.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Ya hanya?"

"Lafiya lau, in aka cire tsakanin Kaduna da Kano."

"Ya ka same mu?"

"Bisa abin da na gani zuwa yanzu, lafiya."

"Ni fa? Na canja?"

Ya ɗago ya dube ni tsaf, kamar mai taya rago a kasuwar Malam Madori.

"Kin ƙara kyau. Ban auna ba, amma ina da ƙarfin zato."

Na so in kwaɗa masa murfin kwanon. Amma bari in gaya muku gaskiya tunda mu kaɗai ne, daɗi ne ya kama ni har cikin ƙashi. Na sha jin maza. Akwai wani malamin haraji da ya rantse mini tun da ya gan ni bai ƙara cin abinci ba, alhali man shanu na ƙyalli a gashin bakinsa. Akwai wanda ya ce in na ƙi shi zai faɗa kogi, yanzu haka 'ya'yansa na cikin ɗalibaina. Zarami kaɗai ne in ya ce kin yi kyau, to kin yi. Don haka nake sonsa, kuma don haka yake ba ni haushi.

Na ce, "Wai ni aikin me kake yi a can? Gwaggo ta ce fitilun Turawa kake gyarawa."

Ai kamar jira yake. Ya manta da fura, ya manta da kwalliyata, ya tsuguna a bakin zaure ya tsinci tsinke ya fara zane a kan damshin ƙasa.

"Kin ga wannan dogon layin? Bututu ne, ya kai daga nan zuwa masallaci. A cikinsa inji ke ingiza wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Ana ƙara musu gudu, ana ƙara musu gudu, har su fito ƙarshe kamar harsashi. To a nan ƙarshen ake ajiye wani ƙarfe mai nauyi su dake shi. Turawa na ce masa taget. In sun dake shi sai ya feso wasu ƙwayoyin daban, ana ce musu niyutiron. Da su masana ke leƙa cikin ƙarfe da dutse su ga yadda Allah ya jera su. Ni aikina in zana wannan ƙarfen da ake duka."

"Wato duk karatun nan, har ƙetaren teku, turmi aka tura ka sassaƙawa?"

"Kusan haka. Sai dai shi wannan zafi ne maganarsa. Wurin da ƙwayoyin ke sauka bai fi farcen babban yatsa ba, amma zafin da ke taruwa a wurin ya fi na maƙera da yawa a haɗe. In kika sa ƙarfen dunƙule guda, cikinsa zai fi bayansa zafi, ya tsage. Sai a yanka shi falle-falle, a bar 'yan hanyoyi a tsakani, ruwa na gudu ba tsayawa yana kwashe zafin. In fallen ya yi kauri, ya fashe. In ya yi siriri, ruwa ya fi ƙarfe yawa, niyutiron ya ragu, masana su zo suna yi maka tsiya. Kullum a tsakanin nan nake."

Yana magana idonsa na haske. Ni da na kwana da lalle ban samu rabin wannan kallon ba.

"To kai naka ba ya fashewa ke nan," na ce, don in ba shi damar yin ɗan alfahari kamar kowane saurayi.

Sai ya ajiye tsinken.

"Ba a faɗin haka. Ranar da muka fara aiki babban injiniyanmu ya ce duk wanda ya rubuta a zanensa cewa abu ba zai fashe ba, ya ɗauki hularsa ya tafi gida. Komai yana fashewa. Aikinka ka faɗi da zafi nawa zai fashe, bayan wane lokaci, ka kuma bar rara. Mu ba ma cewa babu haɗari. Cewa muke ga girmansa."

Nan na gane inda ciwon ya samo asali. Ba haka aka haife shi ba, koya masa aka yi, kuma da kuɗin gwamnati.

Abin da ban sani ba, Gwaggo 'Yar'azumi na bayan asabari tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. Gwaggo a gidanmu take zaune, kuma kunnenta ya fi na kowa lafiya. Cikin duk bayanin nan abu uku ta tsinta: harsashi, fashewa, da abin da ido ba ya gani. Ga shi a kwanakin nan rediyon ofishin En'e ba ta da zance sai na Faransa da ke shirin tayar da wani sabon bom a Sahara, gari ya ɗauka cewa hayaƙinsa na ƙafar da nonon shanu, yana kashe haihuwar maza. Kafin rana ta yi tsaka washegari, a bakin rijiya an gama shari'a: Zarami ne zai kunna wa bom ɗin ashana. Ya yi bayani har muryarsa ta dushe cewa shi ba bom yake yi ba. Mutane suka ce to, Allah ya kyauta, suka ja 'ya'yansu gefe in zai wuce.

Ranar da manyansa za su kawo goron tambaya, Baba ya aika cewa a zo da yaron. Kowa ya san ba a haka. Saurayi gida yake zama, kawunnansa su je su yi masa ƙarya mai kyau su dawo. Amma Baba ya ce shi dai a zo da shi.

Da hantsi suka iso. Kawu Bunu, ƙanin mahaifiyar Zarami, shi ne a gaba, da wasu dattawa biyu da ƙwaryar goro lulluɓe da ganye. Zarami ya ajiye kwat, an ara masa babbar riga da ta fi shi faɗi, ya durƙusa can bakin ƙofa kusa da takalma. Ni kuwa na ɗauko faifan shinkafa na zauna jikin asabarin zaure ta ciki ina tsinta. Har aka tashi ban cire tsakuwa ko ɗaya ba.

Kawu Bunu ya iya baki. Ya yi gaisuwa, ya tambayi ruwa, ya tambayi kasuwar kifi, ya ambaci zumuncin kakanni, sannan ya ce, "Maganar da ake yawo da ita kuwa, Malam Haladu, ka zubar. Yaron nan takarda da fensir kawai yake riƙewa. Ko ashana ba ya kunnawa."

Baba ya ce, "Bunu, na ji naka. Nasa nake son ji. Zarami."

"Na'am, Baba."

"An ce ƙarfen da kake aiki da shi yana fitar da wata wuta da ba a gani. Haka ne?"

"Haka ne, Baba. Bayan an dake shi ba a taɓa shi da hannu. Bayan katanga mai kauri ake tsayawa, a ɗauke shi da dogon awartaki."

Kawu Bunu ya yi tari.

"An ce wutar tana taɓa haihuwar namiji."

"In ta yi yawa tana taɓawa, Baba."

Kawu Bunu ya sake tari, wannan karon har da bugun ƙirji.

"Kai ta taɓa ka?"

"Ana auna mu, Baba. Yawanci abin da ke samunmu kaɗan ne, ƙasa da iyakar da likitoci suka sa."

"Ban tambaye ka likita ba. Haihuwa ta Allah ce, wannan ko ɗan yaye ya sani. Abin da kai ka sani nake tambaya. Akwai abin tsoro, ko babu?"

Masu karatu, ku faɗa mini don Allah, akwai tambayar da ta fi wannan sauƙi a duniya? Baba ya buɗe masa ƙofa, ya share masa hanya, saura ya ɗauke shi ya goya. Duk namijin da ya taɓa durƙusawa a zauren surukai ya san amsar. Ka sunkuyar da kai ka ce babu, a shafa fatiha, a raba goro. Na riƙe faifai da hannu biyu ina cewa a zuciyata faɗi, faɗi mana, ɗan Barebari, faɗi.

Sannan na ji muryarsa, a hankali, da ladabi, kamar mai karanta darasi.

"Baba, abin ƙarami ne ƙwarai. Amma ba zan iya cewa babu ba."

Shinkafa ta zube a cinyata. Kawu Bunu ya yi salati ya ce, "Turanci ne ya cika masa baki, Malam, abin da yake nufi shi ne..."

"Na ji abin da yake nufi," in ji Baba. Na ji ƙarar ƙwarya a kan tabarma, ya tura musu ita. "Ku riƙe goronku tukuna."

Ranar ban ci tuwo ba. Inna ta yi miyar tarwaɗa da ta san ina so, na ce kaina ke ciwo, na shige ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya. Haushin Baba nake ji, haushin Gwaggo nake ji, amma wanda na fi so in shaƙe shi ne mai babbar rigar aro. Bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni bayan gida, inda ake banda. Yana tsaye yana juya kifi a kan waya, hayaƙi na shiga idonsa. Bai dube ni ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kirana Yelwa ba.

"Uwata, kina ganin mugunta na yi miki."

Na sunkuyar da kai ina wasa da awarwaro.

"Dubi gwaggonki. Aure uku ta yi, kowane gida da sunan juya aka sallamo ta. Mijinta na fari har ya koma ga Allah bai ga ɗansa ba, bayan ita kuwa ya yi aure ya fi a ƙirga. Kin taɓa jin wanda ya ce laifinsa ne? Ni na je na ɗauko kayanta duk sau ukun." Ya juya wani kifin. "Ke kaɗai gare ni. Ba zan kai ki inda mai gidan da bakinsa ya ce akwai shakka ba. In ya dawo gaban dattawa ya ce babu, na ba shi. In bai ce ba, Allah ya kai shi Ingila lafiya."

Tausayinsa ya kama ni, shi ya ƙara mini haushin.

Ana gobe Zarami zai bi motar Malam Madori ya hau jirgi, na ce wa Inna ɗanyen kifi nake sha'awa, zan biya bakin kogi in na taso daga makaranta. A gidan mai banda, ɗanyen kifi! Inna ta dube ni ta ce in gaishe shi.

Na same shi a mashigi, inda ake fito. Kogi ya cika ya batse, fadama duk ta zama ruwa, sai kawunan shinkafa da goruba ke leƙowa. Mutumin da aurensa ke shirin rushewa yana tsugune yana kallon yadda ruwa ke bi ta tsakanin itatuwan shingen masunta.

"Kin ga yadda yake ƙara gudu in hanyar ta matse?" ya ce, ko gaisuwa babu. "Haka yake yi a tsakanin falle da falle."

"Allah ya ba ka haƙuri, Injiniya. Ruwan za ka aura?"

Ya miƙe yana karkaɗe riga. Ya rame a 'yan kwanakin nan, na gani, na yi kamar ban gani ba.

"Me ya sa ka yi mini haka?"

"Tambayata ya yi."

"Kowa ana tambayarsa! Kawun naka da ya je neman aure cewa ya yi yana da garken shanu, awaki ne guda biyu, ɗaya ma gurguwa. Ga shi nan da jikoki. Duk garin nan wa ka sani da ya yi aure da gaskiya zalla?"

"Yelwa, akwai abin da ban faɗa wa Baba ba, don bai kai ga tambayarsa ba. Ke zan faɗa miki."

Na ce a raina shi ke nan, Baturiya.

"Bara wata hanyar ruwa ta toshe a cikin taget. Zanena ne. Fallen ya yi zafi ya tsage, ruwan ya zubo ƙasa, muka shiga mu rufe famfo. Kowannenmu yana maƙala wani ɗan abu a ƙirji kamar laya, da fim a ciki irin na ɗaukar hoto. In wutar ta same ka, fim ɗin yana yin baƙi. Nawa ya yi baƙi fiye da yadda ya kamata. An hana ni shiga wurin na ɗan lokaci. Likita ya duba ni ya ce da wuya ya zama wani abu."

"Da wuya."

"Haka ya ce, kuma na yarda da shi. Amma bai ce babu ba, ni ma ba zan ɗora masa ba."

Da Baturiyar ce da na san yadda zan yi da ita. Na tsaya ina kallon ruwa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na tuna gobe war haka yana cikin jirgi, ni kuma ina zaure ina sauraron wani mai man shanu a gashin baki, sai wancan tsoron ya fi wannan girma.

"Kana sona?"

"Ƙwarai."

"Ba kusan?"

"Ba kusan."

"To gobe da safe ka ɗauko kawunka ku dawo, ka ce wa Baba babu."

"Kin san in na faɗi haka gaban dattawa, abin da zai..."

"Ban tambaye ka lissafi ba. Ƙarfe kana bar masa rara, ni ba za ka bar mini ba? Likita ya ce da wuya, ni na ce na ɗauka. Rayuwata ce. Ce babu."

Ya ce, "Kusan babu."

"Cire kusan."

"A iya sanina, babu."

"Cire iya saninka. Saninka ne ya kawo mu nan."

"Ba... babu."

"Kamar an shaƙe akuya. Ɗaga murya. Kada ka kalli ƙasa da yawa, kada ka taɓa wuya. Sake."

Ni malama ce, na koya wa yaran da ba su san hannun damansu ba haɗa baƙi. Amma ban taɓa samun daƙiƙin ɗalibi irin wannan ba. Mai fito yana cikin kwalekwalensa yana dariya har sandar tuƙi na neman suɓuce masa. Muka yi ta yi har rana ta yi ja. Da zai tafi ya dube ni wani iri, ba fushi ba, kamar dai mai son ya ƙarasa maganar da na katse. Na juya na sayi karfasa biyu don kada in koma hannu wofi.

Washegari da sassafe suka dawo, akwatinsa na ƙofar gida yana jiran mota. Kawu Bunu ya ce yaro ya kwana ya yi tunani, ranar nan kunyar suruki ce ta ruɗa shi. Na koma wurina jikin asabari, wannan karon ko faifan ban ɗauko ba.

Baba ya ce, "Zarami, zan sake tambayarka, gaban kawunka da dattawan nan. Akwai abin tsoro a jikinka game da haihuwa, ko babu?"

"Babu, Baba. Ko kaɗan."

Haka ta fito, sumul, ba gargada. Har da ko kaɗan, wadda ban koya masa ba. Da ban san komai ba, ni ma da na rantse a kansa.

"Kun ji da kunnenku," in ji Baba. Dattawa suka ce sun ji, sun shaida. Aka jawo ƙwarya, aka shafa fatiha, aka ce in an girbe shinkafa za a ɗaura da wakilcin Kawu Bunu, in bi shi a jirgin ruwa. Na ci nasara, masu karatu. Ni Yelwa na lanƙwasa abin da Turawa suka yi shekaru suna miƙarwa. Sai dai da suka fito na leƙa ta ƙofar gida, ina jira ya waiwayo mu haɗa ido mu yi dariya. Ya ɗauki akwatinsa ya ɗora a kafaɗa ya bi bayan kawunsa.

Cikin gida Gwaggo ce ta fara rangaɗa guɗa, ta fi ta kowa tsawo. Na shige ɗaki in canja zane kafin mata su cika gidan. Ina cikin ɗaura ɗankwali ta ɗaga labule ta shigo, ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba. Na shirya jin habaici. Sai ta kama ɗankwalin ta gyara mini shi a hankali.

"Na taya ki murna, 'yar nan."

"Na gode, Gwaggo."

"Ni na kai maganarsa bakin rijiya, ban musa ba. Tsoro nake ji miki. Amma ranar da ya ce wa yayana ba zai iya cewa babu ba, ɗaki na shiga na yi kuka. Tun da nake ban taɓa jin namiji ya tsaya gaban maza ya ce wataƙila daga gare ni ne ba. Na ce yarinyar nan ta yi sa'a. Babanki zai yi fushi ya huce, ko ba bana ba zai ba shi, kuma duk abin da Allah ya yi, gari ya riga ya ji daga bakin mijin, ba mai nuna ta da yatsa."

Hannuna ya tsaya a kan kunnen ɗankwali.

"Yau kuwa ya wanke kansa tas, da shaidu. In Allah ya kawo, alhamdu lillahi. In kuwa aka shekara biyu ba goyo, ba wanda zai tuna da wani ƙarfe a Ingila. Dattawa sun ji ya ce babu. Sunan da za a kira ki da shi, ni na san shi sarai."

Ta miƙe ta ja mayafinta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ni dai abin da ya ɗaure mini kai, wa ya koya masa? Ranar nan bai iya ba."

A tsakar gida mata sun fara shigowa barka, ana ta kiran amarya ta fito a gan ta. Na zauna a inda Gwaggo ta tashi, ban fita ba.